Cittar da Ba a Tsagawa

Ranar da Malama Afiniki ta sauko daga jirgin ƙasa a tashar Kafanchan da ɗalibai goma sha ɗaya a bayanta, matan da ke sayar da ayaba da dafaffen ƙwai a bakin dogo sun zaci mawaƙan majami'a ne aka gayyato biki. Kowa da akwatinsa, kowa da gogaggen takalminsa. Ɗaya daga cikinsu ma, wani dogon yaro ɗan Kaduna mai suna Martins, sanye yake da kwat a cikin zafin watan Maris. Babu wanda ya kawo a ransa cewa noma suka zo yi.

Shekarar 1991 ce, zamanin da mai digiri kan yi shekara uku yana yawo da takardunsa a ambulan daga wannan ofis zuwa wancan. Afiniki ta ga abokan karatunta a haka, wasu har sun daina gaisawa da mutane don kada a tambaye su aiki. Shi ya sa da jami'a ta ɗauke ta ƙaramar malama a sashen tattalin arzikin noma, ba ta yi wata uku ba ta rubuta takarda shafi tara. Ta nemi a ba ta 'yan aji huɗu, waɗanda dama doka ce su yi shekara guda a gona, ta kai su garinsu ta koya musu sana'ar da za ta riƙe kanta shekara da shekaru, ba ta cinye ƙasar da take kai ba, ba ta cinye abin da aka fara ta da shi ba.

Shugaban sashen, Dokta Gilbert, mutum ne da ya iya ƙin abu da murmushi. Ya karanta takardar har ƙarshe, ya gyara mata kuskuren rubutu biyu, sannan ya dube ta ta saman tabarau, yarinya 'yar shekara ashirin da bakwai da tawadar digirinta na biyu ba ta gama bushewa ba.

"Shekarar farko jami'a za ta ba ki fili da wurin kwana da fartanyu," in ji shi. "Abin da kuka sayar na jami'a ne. Shekara ta biyu ba za ki ga ko kwabo ba. Kin ce sana'a mai ɗorewa, to, ta ɗore mu gani. Ƙarshen Mayun baɗi zan zo da kaina. In na tarar da gona a shuke, kwas ɗinki ya zauna. In na tarar da fili, ki dawo ki ci gaba da duba mana takardun jarrabawa."

Afiniki ta miƙe ta yi godiya, ta ce Dokta ya tuna ya zo da takalmin da ba ya tsoron taɓo.

Filin wata tsohuwar gonar gwaji ce a hanyar Kagoro, da ɗakuna huɗu masu yoyo da bishiyar ɗorawa guda. Citta ta zaɓa, don a cikinta ta girma, kuma a shekarun nan masu saye daga Legas sun fara bin ƙauyuka suna nemanta. Sai dai ba a shuka citta da ƙwaya kamar masara. Saiwar kanta ake yankawa gunduwa-gunduwa, kowace da idonta, a binne. Kuma iri mai kyau ba a cika samunsa a kasuwa ba, don abin da manomi ya kai kasuwa shi ne wanda ya raina.

Saboda haka ta tafi wurin Mama Zugwai, yayar mahaifiyarta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar uwar. A gidansu akwai wata al'ada tun daga kakarsu: duk 'yar da za ta yi aure, ana haɗa mata kayanta da kwando goma sha biyu na irin citta, Tafin Giwa mai kauri, mai ruwan ɗorawa a ciki, ta je ta fara tata gonar. Rabon Afiniki yana nan Mama tana juya shi a gonarta kowace shekara, tana jira, tana mita. Da ta ji abin da ya kawo ta, sai ta tafa hannu ta kira maƙwabta su zo su ji, yau Afiniki ta kawo miji, sunansa Jami'a. Aka yi ta dariya. Amma ta ba ta kwandunan cif, ta rako ta har bakin hanya, ta ce mata abu ɗaya: sau ɗaya ake ba mace nata.

Watan Afrilu aka sha kallo. Matan ƙauyen da ke wucewa zuwa rafi sukan sauke tuluna su tsaya su ga yadda masu ilimi ke riƙe fartanya. Martins yakan sari ƙasa kamar mai tsoron kada ta ji zafi. Abdu, ɗan wani mai sayar da atamfa a Zariya, ya zo da safar hannu, kwana biyu ta yage. Matan suka sa musu suna kajin Malama, wai ba noma suke ba, tono suke. Afiniki ba ta kare su ba. Ita ce a gaba, ɗaure da zani a kan tsohon wandon wasanni, kunyarta tana miƙewa kamar an ja zare. Aka binne irin, aka lulluɓe gonar da ganye don ƙasa ta riƙe sanyi. Ta hana su sare ko reshe ɗaya mai kauri. Ganyen da ya zuba da ƙananan rassa kawai ta yarda a ɗebo, don mai sare bishiya bana ba shi da abin rufi baɗi.

Da la'asar sukan zauna a gindin ɗorawa, allo jingine da kututture. A nan ɗaliban suke dawowa hayyacinsu. A ba Martins alli ya zana yadda farashi ke hawa da sauka, sai ka rantse a banki aka haife shi. Abdu kuwa ciniki a jininsa yake. Shi ya gano wata mata a layin 'yan dogo, Madam Ugomma, wadda mahaifinta ya zo daga gabas yana tuƙin jirgi tun kafin a haife ta, ita kuma ta shekara ashirin tana sayen busasshiyar citta tana lodawa zuwa Legas. Ta ce in kaka ta yi a kira ta.

Damina ta yi kyau. Gonar ta tashi kore shar, har matan rafi suka rage dariya. A watan Nuwamba, da ganye ya fara ja da baya yana yin rawaya, Afiniki ta zagaya wata safiya ita kaɗai, ta zaɓi kusurwar gabas inda cittar ta fi ƙiba, ta kewaye ta da fararen duwatsu, ta tula mata busasshiyar ciyawa a kai. Wannan shi ne irin baɗi. Zai kwanta a cikin ƙasa abinsa har ruwan farko. Ba ta gaya wa ɗaliban ba. Da farko dai, a wurinta abu ne da yaron goye ma ya sani. Na biyu kuma, wanda ya fi zama gaskiya, ta tanadi maganar ne. Ta riga ta tsara lakcarta ta ƙarshe a ranta: za ta tsayar da su a bakin duwatsun nan bayan an gama sayarwa, ta yaye ciyawar, ta ce musu duk abin da ta koya musu a shekara ga shi nan kwance. Har ta san inda za ta yi shiru ta bar su su yi tunani.

Ana tsakiyar tonon citta sai ga takarda daga jami'a, ana kiran duk malaman sashe taro. Ta bar wa Martins ragamar aiki, ta ce a tone, a wanke, a tsaga, a shanya, kwana huɗu za ta yi. Taron ya ɗauki mako guda, jirgi kuma ya ƙara mata kwana biyu.

Tun daga kan hanya ta ji kiɗa. Sun kifa bokitai suna bugawa, 'yan matan ajin suna rawa da wuƙaƙen tsaga a hannu. Ƙamshin ɗanyar citta ya cika wurin har yana sa ido ruwa. Falalen dutsen da ke bayan ɗakuna ya rufe ruf da citta tsagaggiya, fara fat a rana, babu inda za ka sa ƙafa. Martins ya ɗauko kwat ɗinsa ya saka a kan gajeren wando, ya hau kan turmi ya yi mata jawabin maraba. Ya ce sun gama aikin kwana ashirin a kwana tara. Ya ce sun ware manya daban, ƙanana daban, yadda littafi ya ce. Sannan ya rage murya kamar mai ba da albishir.

"Har wani wuri muka gano da kika manta, Malama. Can gabas, ciyawa ta rufe shi. Wallahi nan ne ma ya fi ko'ina. Kowace ɗaya kamar tafin hannuna."

Abdu ya ce shi ya fara lura da wurin, kada Martins ya cinye yabon shi kaɗai.

Afiniki ta ajiye jakarta. Ta taka zuwa gabas, suna biye da ita suna murmushi. Fararen duwatsun an tattara su gefe guda, an jera su tsaf. Ciyawar an kwashe. Ƙasar a buɗe take, ja, babu komai. Ta juya ta dubi dutsen shanya. Cittar da aka tsaga biyu aka bar wa rana kwana uku ba ta ƙara tsirowa, ko wa ya yi mata addu'a.

Tana nan tsaye sai ga ƙarar babur. Madam Ugomma ce, Abdu ya aika mata tun jiya. Mace ce gajera mai faɗi, da jakar fata a hammata. Ta gaisa da kowa da Hausarta ta 'yan dogo, ta tsuguna a bakin dutsen, ta ɗauki guda ta karya, ta sansana, ta ɗanɗana da bakin haƙori. Ta ce rabonta da ganin Tafin Giwa irin wannan tun tana budurwa, duka za ta kwashe, kuma in haka kayansu yake, tana so a riƙa ajiye mata kowace shekara, kada a ba kowa. Ɗaliban suka yi tafi. Sai ta miƙe tana karkaɗe zani, ta waiwaya hagu da dama.

"To, ina irin ku? A ƙasa kun bar shi, ko a rami?"

Martins ya dubi Abdu, Abdu ya dubi Malama.

"Ga shi nan a gabanki, Madam," in ji Afiniki. "Yana shan rana."

Madam Ugomma ta daɗe tana kallon dutsen. Sannan ta dubi kwat ɗin Martins tun daga wuya har gwiwa, ta tambaya a hankali ko wannan ne shugabansu. Ta ce bana za ta saya, tunda kaya ya yi kyau. Maganar baɗi kuwa ta janye, don ita ba ta yin alkawari da wanda ba za ta sake gani ba. A shekara ashirin, in ji ta, ta ga manoma da yawa da farashi ya ruɗe su suka sayar da iri, kuma duk cikinsu babu wanda ta ƙara sayen ko mudu a hannunsa.

Bayan tafiyarta Afiniki ta tara su a gindin ɗorawa ta gaya musu sharaɗin Dokta Gilbert, wanda ba su taɓa ji ba, da labarin kwando goma sha biyu. Martins ya cire kwat ɗin ya naɗe shi a cinya. Ya fara ba da haƙuri, ta tsayar da shi. Ta ce laifin nata ne. Ta ɓoye musu abin da ya kamata su ji ranar farko don tana son ta burge su ranar ƙarshe. Wannan magana ta yi mata ɗaci a baki fiye da ɗanyar citta, amma ta faɗe ta tana kallon idonsu.

Washegari da sassafe ta tafi gidan Mama Zugwai. Ta shirya wa faɗa, ta shirya wa kuka. Abin da ba ta shirya wa ba shi ne dariya. Mama ta yi dariya har ta zauna a kan dutsen niƙa, ta sa a sake faɗa mata wurin da yaron ya ce Malama ta manta, ta sake fashewa tana share hawaye da bakin zani. Da ta lafa, Afiniki ta daure ta tambaya ko za a ara mata ko kwando shida ne. Mama ta ce a'a. Abin da ya rage na ƙannen Afiniki mata biyu ne, kuma su mazajensu masu ƙafa ne, suna nan tafe.

Afiniki ta miƙe, wuyanta a sandare, ta ce ta gode. Har ta kai bakin zaure Mama ta kira ta.

"Afi, dawo nan, mai zuciyar ubanta. Waye ya tone gonar, ke ko kajin nan naki?"

"Su ne, Mama."

"To, me kike nema a gidana? Yaran da ba su iya sa fartanya ta shige taƙi ɗaya ba, kina tsammani sun fitar da duka? Je ki ki yi kala. Zan gaya wa tsofaffi kada wanda ya taka miki gona."

Kala aikin tsofaffin mata ne da yara. Bayan mai gona ya kwashe amfaninsa, su suke bi suna tsince abin da ya tsere masa. Babba mai ƙarfi ba ya yi, balle mai karatu. Afiniki ta kawo wa ajin maganar. Martins, wanda jiya ya kusa kuka, ya ce shi a shirye yake ya yi komai, amma gonar tana bakin hanya, motocin Kagoro suna wucewa, kuma akwai 'yan majami'arsu a garin nan da suka san mahaifinsa. Wata ta ce ko za a yi hayar yara. Abdu ya kawo shawara a sayo iri da abin da Madam za ta biya, Afiniki ta tuna masa cewa wannan na jami'a ne, ba nasu ba.

Ta ɗauki ƙaramar fartanya da kwando, ta nufi kunyar da ta fi kusa da titi, ta durƙusa. Ƙasar Disamba ta fara tauri. Ta sara, ta sa yatsu ta marmasa. A sara na huɗu ta ciro gunduwa mai 'ya'ya uku, lafiyayya, da idanunta. Ta ɗaga ta sama ba tare da ta waiwaya ba, ta jefa a kwando. Wata bas ta wuce, kwandastan ya leƙo ya yi mata kirari, wai Malama an sauka daga biro. Ta ɗaga masa hannu ta ci gaba.

Abdu ne ya fara zuwa. Ya durƙusa a kunyar da ke kusa da ita, ya ce wannan layin Martins ne ya tone shi, don haka nan arziki yake. Bai yi ƙarya ba. Kafin rana ta take ya cika rabin kwando, yana ɗaga kowace gunduwa yana kiran sunan mai ita. Martins ya jure har sau bakwai, sannan ya zo ya ƙwace fartanyar wani ya nufi layin Abdu don ya rama. Daga nan abin ya koma gasa. Kowa yana bin layin abokinsa yana tona masa asiri, wanda aka fi samu a layinsa shi zai wanke tukwane. Kwana uku a jere Martins yana wanki. Matan rafi suka dawo kallo, wannan karon har da masu shigowa su nuna musu yadda ake bin saiwa da yatsa kada a karya ta.

Kwana goma sha ɗaya suka yi a durƙushe. Farcen Afiniki biyu suka fita, gwiwoyinta suka yi kanta. Suka tashi da kwando bakwai, yawanci ƙananan gutsattsari da fartanya ta ji wa ciwo. Suka haƙa rami marar zurfi a inuwar ɗorawa, suka shimfiɗa yashi, suka jera irin, suka rufe da ciyawa. Bakwai ba za ta rufe gonar ba, kuma babu wanda ya san nawa ne za su rayu har Afrilu.

Sauran irin, Martins ne ya nemo shi, kuma ba a littafi ba. Wata Lahadi bayan sujada ya ji Matan Zumunta na majami'ar suna kukan cewa samarinsu duk sun tafi birni, babu mai yi musu kaftu, babu mai ɗauko musu ganyen rufi. Ya miƙe a gabansu da Hausarsa ta Kaduna ya ce ga ƙarti goma sha ɗaya, ba sa son kuɗi, a biya su da iri, tasa guda kowace rana. Matan suka ce kajin Malama ne fa, tasa guda ta yi yawa, sai dai rabi. Aka yi ta ja har shugabarsu ta yanke: rabi a makon farko, in an ga hannunsu ya faɗa a cika.

Haka suka ci Fabrairu da Maris suna bin gonakin mutane. A mako na biyu aka fara cika musu tasa. Wata tsohuwa ma da Abdu ya gyara wa rumbu ta ƙara musu da Yatsun Biri, siririyar citta mai zafi, ta ce su gwada a gefe, ba a dogara da iri ɗaya. Kowace safiya Afiniki takan ɗaga ciyawar ramin ta duba, ta yayyafa ruwa kaɗan, ta tsince waɗanda suka ruɓe. Wasu ranakun ta tsince da yawa. Ba ta gaya wa kowa yawansu ba, takan zuba su a aljihu ta kai bayan ɗaki.

Shekarar ɗaliban ta ƙare da shigowar Afrilu. An sa musu hannu a takardu, an ba su tikitin jirgi. Ruwa kuwa bai sauka ba. Afiniki ta yi musu sallama a gindin ɗorawa, gajeriyar sallama, don lakcar da ta tanada ta riga ta lalace tun Disamba. Ta ce sababbin ɗalibai sai Yuni, ita za ta shuka da kanta. Da safe ta fito ta tarar da akwatuna a jere a baranda, masu su kuma suna zaune a kai suna shan koko. Abdu ya ce sun yi shawara, jirgin nan dama ba ya zuwa a kan lokaci, gara su jira na wani makon. Na wani makon ma haka suka ce.

Ruwan farko ya zo ranar goma sha tara ga Afrilu, da rana tsaka. Da suka yaye ramin, gutsattsarin nan masu tabo sun fito da idanu farare, masu kaifi kamar haƙoran jariri. 'Yan matan suka ɗauko bokitai aka sake kiɗa, a cikin ruwan. Kwana biyar suka yi suna shuka, kuma wannan karon babu matar da ta sauke tulu don ta yi dariya. Irin ya rufe gonar, har ya ɗan haura tsohuwar iyaka da kunya biyu.

Dokta Gilbert ya iso ranar ashirin da takwas ga Mayu a farar Fijo ta sashe. Ya tuna da maganar takalmi, ya zo da na roba har gwiwa, sabo fil. Ya tsaya a bakin gonar ya duba. Shi masanin lissafin noma ne, a kan auduga ya yi digirinsa, bai taɓa tsayawa a gonar citta ba. Abin da ya gani fili ne lulluɓe da busasshen ganye daga wannan gefe zuwa wancan. Ya yi murmushin nan nasa, ya fara cewa kada Malama ta damu, ƙoƙari dai ta yi, kuma ƙuruciya ce.

Afiniki ta dubi Martins, wanda ya dawo daga Kaduna musamman don wannan rana. Ya durƙusa a gaban Dokta, ya sa hannu biyu ya ɗaga ganyen a hankali. A ƙarƙashi tsiro ne kore, a murɗe kamar tsinin mashi, ɗaya bayan ɗaya a layi. Ya matsa gaba ya ɗaga wani wurin, haka. Abdu, wanda shi ma ya dawo daga Zariya, ya ɗaga nasa can nesa. Sai Dokta ya lura cewa tsinin ma sun huda ganyen a ko'ina, idonsa ne bai san abin da zai nema ba.

Ya tambayi wanda ya biya kuɗin iri. Martins ya miƙa masa tafin hannuwansa biyu ya gani. Abdu ya ba da labarin tun daga kusurwar gabas har tasar Matan Zumunta, bai rage komai ba, har da wankin tukwane. Dokta ya cire tabarau yana dariya, ya ce wannan kuskure da shi aka bar wa gonar ma da ya yi shi. Sannan ya juya ga Afiniki.

"Yara nawa za ki iya ɗauka a Yuni, Malama?"

"Goma sha biyar, Dokta. In an gyara rufin ɗakuna, ashirin."

Ya ce ta cika son ciniki, za a duba rufin.

Mama Zugwai tana zaune a gindin ɗorawa tun safe, wai inuwa ta zo sha. Da motar ta tafi ta taso ta zagaya gonar da sandarta, ta tsuguna nan, ta tsuguna can. Ta ce layukan sun ɗan karkace. Ta ce kuma a gaya wa matar nan ta layin dogo ta fara tanadin buhuna. Daga nan ta kama hanyar gida, sai da ta yi nisa ta waiwayo ta ce, mijin nan na Afi, ashe ba rago ba ne.

Sababbin ɗaliban sun sauka a mako na biyu na Yuni, su goma sha bakwai, da akwatuna da gogaggun takalma. Afiniki ba ta bari sun shiga ɗaki ba. Ta sa suka ajiye kaya a baranda, ta ba kowa farin dutse guda daga tarin nan da aka jera tun Disamba, ta wuce gaba zuwa kusurwar gabas. Wani mai tabarau ya tambaya ko ba za a fara da gabatarwa ba.

"Ita ce wannan," in ji ta. "Ajiye naka a nan."